Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu otal-otal na tsakiyar birni, daga wata uwa

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe masu otal-otal da manajojinku, musamman ku da gine-ginenku suke tsakiyar birni inda kowa yake son sauka.

Ni uwa ce, kuma ina cikin mutanen da idan tafiya ta kama ba mu da wanda za mu bar wa yara, dole mu kwashe su mu tafi tare tun daga babban har na goye. Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan alƙawarin da kuke sawa a shafukanku na intanet cewa otal ɗinku ya dace da iyali, kuna maraba da yara, har da hoton uwa da uba da yaro suna dariya a bakin wurin ninƙaya. Ba faɗa na zo yi ba wallahi, magana ce ta fahimtar juna, don muna buƙatarku kuma ku ma kuna buƙatarmu, amma tsakani da Allah abin da kuke rubutawa da abin da muke tararwa idan an buɗe mana ƙofar ɗaki ba su cika haɗuwa ba.

Na lura yawancin otal na tsakiyar gari mutum ɗaya aka hango lokacin da ake zana su, wato baƙon da ya zo taro ko kasuwanci da jaka ɗaya a hannu, ya kwana ɗaya ko biyu, ya sha shayi da safe ya fice. Komai an auna shi da wannan mutumin ne, tebur ɗin rubutu, kujera ɗaya, tawul biyu, fitilar gefen gado ta gilashi. To amma ku leƙa risefshan ɗinku ku ga su waye suke tsaye. Akwai matar da ta kawo yaronta ganin likita a babban asibiti saboda manyan asibitoci a birni suke, akwai iyalin da suka zo neman biza ko fasfo kuma an ce kowane yaro sai an gan shi ido da ido, akwai waɗanda jirgi ya sauke da dare za su kama wani da asuba, akwai uban da ya rako 'yarsa jarrabawa. Waɗannan ba hutu suka zo ba, sun zaɓi tsakiyar gari ne don su taka da ƙafa zuwa inda za su, kuma galibi a gajiye suke isowa, wani lokacin da damuwa a ransu. Abin da suke nema a wajenku bai wuce su kwana lafiya yaransu su tashi lafiya ba.

Kuma wannan ba sabuwar magana ba ce a sana'arku. A 1951 wani ɗan kasuwa a Amurka mai suna Kemmons Wilson ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa biyar zuwa Washington, a hanya masaukan da suka tsaya suka riƙa ƙara masa dala biyu a kan kowane yaro, ga ɗakunan ba wani abin kirki ba. Haushin haka ne ya sa ya buɗe Holiday Inn na farko a Memphis a 1952, ya ce yaran da suka kwana ɗakin iyayensu ba za a karɓi ko sisi a kansu ba, kuma kun fi ni sanin inda wannan kamfanin ya kai daga baya. Mutumin da ya ɗauki kukan iyaye da muhimmanci bai yi asara ba, riba ya ci.

Matsalar tun daga bukin, wato kama ɗaki, take farawa. Ka shiga shafi ka sa manya biyu yara uku ko huɗu, nan take sai ya ce babu ɗaki, alhali otal ɗin rabinsa babu kowa, kawai dai an tsara na'urar ne a kan cewa iyali bai wuce mutum uku ba ko huɗu in ya yi yawa. Sai ka koma ka kama ɗaki biyu, ka kira waya ka roƙi a ba ka masu ƙofa a tsakani, a ce maka za a duba idan akwai ranar da ka zo. Don Allah ku tsaya ku yi tunani a kan wannan amsar. Idan na iso ƙarfe goma na dare aka ce babu, ɗaya a hawa na uku ɗaya a hawa na bakwai, me ake so in yi? In bar yara 'yan shekara shida da takwas su kaɗai a wani hawa, ko mu rabu ni da maigida kowa ya ɗauki rabi, to in ni kaɗai na zo da su fa? Ɗakuna masu ƙofa a tsakani ku mayar da su abin da ake kamawa kai tsaye a biya a samu tabbaci a rubuce, ko da za ku ɗan ƙara kuɗi, mun yarda, tabbacin muke saye. In kuma ba ku da su ku faɗa tun a shafin, babu wanda zai ji haushi.

Haka maganar kuɗi. A nuna mana farashi ɗaya a waya, mu zo a ce akwai kuɗin ƙarin gado, kuɗin gadon jariri, karin kumallo na manya ne kawai aka haɗa, yaron da ya wuce shekara kaza babba ne a lissafinku, kuma kowane otal da nasa shekarun. Mai iyali da lissafi yake tafiya, ya ware na mota ya ware na abinci ya ware na asibiti, in kuka ɓullo masa da ƙari a gaban kanta ga yara suna kuka ba shi da zaɓi sai ya biya, amma ba zai dawo ba kuma sai ya faɗa wa duk wanda ya tambaye shi. A Amurka abin ya kai hukumar kare masu saye ta FTC ta kafa doka da ta fara aiki a watan Mayun 2025, ta tilasta wa masaukai su nuna cikakken farashi tun farko har da duk kuɗin da dole sai an biya, ban da haraji. Ni ban ga dalilin da zai sa ku jira sai hukuma ta tilasta muku a inda kuke ba.

Yanzu mu shiga ɗakin, don nan ne ainihin abin da ya dame ni. Ina roƙon kowane manaja ya yi abu ɗaya a wannan satin, ya ɗauki makullin ɗakin da yake ba iyalai, ya shiga ya durƙusa a kan gwiwoyinsa ya zagaya ɗakin a haka, idonsa daidai da idon yaro ɗan shekara biyu. Zai ga soket a buɗe gefen gado, zai ga kusurwar teburin gilashi daidai goshi, zai ga wayar butar lantarki tana lilo daga saman kanta tana jiran a ja ta, zai ga igiyar labule mai zobe wadda yaro zai iya zura wuyansa, kuma wannan igiyar ta kashe yara a ƙasashe da dama har aka sauya ƙa'idar ƙera ta. Zai ga talabijin a ajiye kan durowa ba a ɗaure ta da bango ba, zai ga ƙaramin firij cike da kwalabe wanda hannun yaro yake buɗewa cikin sauƙi, wataƙila ma in ya leƙa ƙarƙashin gado ya tsinci ƙwayar maganin da wani baƙo ya yar. Mu iyaye wannan zagayen shi ne abu na farko da muke yi kafin ma mu cire takalmi, muna kwashe kofuna muna ɗora su saman kabad, muna tura kujera nesa da taga. Aikin minti ashirin ne a wajen ma'aikacinku in an sanar da shi cewa masu ƙananan yara ne za su shiga, kuma ai kun sani tunda a bukin ɗin mun rubuta shekarunsu.

Taga da baranda kuwa ba abin wasa ba ne a otal mai hawa goma ko ashirin. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa suke bi ita ce kada tazarar da ke tsakanin ƙarafan baranda ta wuce santimita 10, haka ma tagar sama a sa mata abin da zai hana ta buɗewa fiye da santimita 10, saboda inda jikin ƙaramin yaro zai iya ratsawa ke nan. Kuma ƙarafan su kasance a tsaye ne, don in aka jera su a kwance an yi wa yaro tsani. Ragar sauro ba ta riƙe yaro, ya jingina da ita za ta fita da shi. Ƙofar baranda a sa mata sakata a sama can inda hannunsa ba ya kaiwa. Waɗannan ƙananan ƙarafa ne da kafinta zai ɗaura a yini ɗaya, kuɗinsu bai kai na furannin da kuke sawa a falon shiga ba.

Sai ƙofar ɗakin kanta, wadda ba na jin an taɓa tunaninta. Irin ƙofar nan mai kati, daga ciki da zarar an danna hannun ƙasa ta buɗe, in ta koma kuma ta kulle kanta. Na taɓa fitowa daga banɗaki a wani otal na tarar ƙaramin ɗana ba ya ɗakin, ya miƙa hannu ya danna ya fita, ƙofar ta rufe a bayansa, yana tsaye a doguwar baranda mai ƙofofi iri ɗaya bai san wacce ce tamu ba, bai ma yi kuka ba, ya kama hanyar lifta kawai yana jan bargonsa a ƙasa. Allah ya tsare na riske shi kafin liftar ta buɗe. Na san saboda gobara ake yin ƙofar ta buɗe da sauƙi daga ciki, kuma daidai ne, amma sarƙa ko ƙugiya a can sama wadda babba zai zare da hannu ɗaya ba za ta hana kowa gudu ba. Wasu otal suna da ita, wasu kuma ta karye an bar ramin kusoshin kawai.

A banɗaki abin da nake tsoro shi ne ruwan zafi. Ruwan da ya kai digiri 60 yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙu kaɗan, fatarsu ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba, kuma ruwan wankan jariri bai kamata ya wuce digiri 37 zuwa 38 ba. Na fahimci dalilin da ya sa kuke ajiye ruwan tanki da zafi sosai, saboda ƙwayar cutar Legionella da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, kuma a otal ma aka fara gano ta, bayan wani taron tsoffin sojoji a Philadelphia a 1976 inda fiye da mutum 200 suka kamu fiye da 30 suka rasu. To ba cewa nake ku rage zafin tanki ba. Akwai bawul da ake sawa kusa da famfo yana gauraya zafi da sanyi kafin ruwan ya fito, masu aikin famfo sun san shi, shi ne maganin duka biyun. Bayan wannan sauran duk masu sauƙi ne, tabarmar roba a ƙasan shawa don santsi, ɗan bahon roba na wankan jariri tunda yawancin sabbin ɗakuna shawa ce kawai, ɗan abin takawa don yaro ya kai wurin wanke hannu, da tawul daidai yawan mutanen da aka rubuta ba guda biyu ba.

Gadon jariri kuma don Allah ku daina ɗaukarsa kamar alfarma. Sau da yawa sai an yi ta kira kafin a kawo, in an kawo kuma a ga ƙafa ɗaya tana rawa, katifar ta yi ƙanƙanta an cike gefe da tawul, an shimfiɗa zanin gadon manya an naɗe shi, an ɗora filo da bargo mai kauri wai don a kyautata. Niyyar mai kyau ce amma haɗari ne. Likitocin yara sun daɗe suna faɗa cewa jariri a rigingine ake kwantar da shi, a kan katifa mai tauri wadda ta cika gadon ba rami a gefe, babu filo babu bargo mai laushi babu 'yar tsana, saboda numfashi. Tazarar sandunan gadon kada ta wuce kamar santimita 6. Amurka ta haramta sayar da irin gadon da gefensa yake zamewa ƙasa tun 2011 bayan mutuwar jarirai, ta kuma ba otal-otal wa'adi zuwa ƙarshen 2012 su sauya nasu, amma irin waɗannan tsoffin gadajen har yanzu suna nan a sito na masaukai a wurare da yawa. Ku sa a fito da naku a duba su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya lalace a yar, kuma a koya wa masu gyaran ɗaki yadda ake shimfiɗa shi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda bai taɓa tashi ƙarfe uku na dare haɗa madara a ɗakin otal ba ba zai gane muhimmancin buta mai tsabta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce madarar gwangwani ta jarirai da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba ake haɗa ta, in an haɗa za a ajiye kuma sai a firij mai sanyin digiri 5 ko ƙasa, kada ta wuce awa 24. To ƙaramin firij ɗin da ke ɗakunanku da yawa ba ya kai wannan sanyin, lemo kawai aka yi shi ya ɗan sanyaya, kuma ga wani abu da ba kowa ya lura ba, a ɗakunan da sai an zura kati a bango wuta take kamawa, a wasu da zarar ka zare katin ka fita firij ɗin ma ya mutu. Uwa ta tatsi nono ta ajiye, ko maganin ruwa na yaro da likita ya ce a sa a sanyi, ko allurar mai ciwon suga, ta dawo da yamma ta tarar komai ya ɗumame. Ku raba layin firij da na katin, ko ku faɗa mana tun a ƙasa cewa akwai firij na gaske a kicin da za a ajiye mana da suna a jiki. Da a ce kowane hawa ko ko da hawa ɗaya yana da ɗan lungu mai na'urar ɗumama abinci da wurin wanke fida da ruwan sha, a buɗe dare da rana, wallahi da iyaye sun riƙa ba juna labarin otal ɗin. Haka injin wanki guda ɗaya da baƙo zai biya ya wanke da kansa, don kayan yara kullum cikin ɓaci suke kuma wankin otal da ake lissafawa ɗaiɗai da riga ba na mai yara ba ne.

Tsakiyar gari hayaniya ce, mun sani, mu muka zaɓa. Amma ku kuka san wane ɓangaren ginin ne yake kallon babban titi, wanne yake saman zauren biki ko wurin kiɗa, wanne yake jikin lifta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin ɗakin kwana ta wuce desibel 30 da dare in ana son barci mai kyau, ba na cewa sai kun kai nan a tsakiyar birni, amma tagogi masu gilashi biyu da labule mai kauri da kuma hankalin wanda yake raba ɗakuna suna rage abin sosai. Ku haɗa iyalai a ɓangare ɗaya mai shiru, hakan ma ya fi wa sauran baƙinku, don ni ma ba na jin daɗi jaririna yana tsala kuka ina tunanin bawan Allahn da ke bayan bango yana da taro da safe.

Maganar gobara ba zan tsallake ta ba ko da ba ta da daɗin ji. A gobarar otal ɗin MGM Grand a Las Vegas ranar 21 ga Nuwamba 1980 mutum 85 suka mutu, wutar a ƙasa ta tashi amma yawancinsu a hawa na sama hayaƙi ya kashe su, ya bi ta ramin lifta da matakala da hanyoyin iska ya hau. Irin waɗannan ne suka jawo dokar 1990 a Amurka da ta sa ma'aikatan gwamnatin tarayya su riƙa sauka a otal masu na'urar jin hayaƙi da ta fesa ruwa. Yanzu ku hango uwa ɗaya a hawa na sha biyu da goyo a baya da yara biyu a hannu, an ce kada a hau lifta. Ku ba masu ƙananan yara hawa na ƙasa-ƙasa kusa da matakalar gudu in sun nema, kai ko ba su nema ba ku yi musu tayi. Kada a tara katifu da kekunan masu shara a matakalar, kada a sa mata kwaɗo wai don ɓarayi. Risefshan su san ɗakunan da ke da jarirai da tsofaffi da masu keken guragu a kowane dare. Sannan na'urar jin iskar gas mai guba ta kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, a 2006 a tsibirin Corfu na Girka wasu yara biyu 'yan Ingila, ɗan shekara shida da 'yar shekara bakwai, sun mutu cikin barci a masaukinsu saboda tukunyar ɗumama ruwa da ta lalace. Duk ɗakin da yake kusa da irin wannan tukunyar ko injin wuta ko garejin motoci na ƙasa ya kamata a maƙala masa na'urar.

Wurin ninƙaya shi kuka fi tallatawa kuma shi ya fi ba ni tsoro. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta kusan mutum 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, shiru abin yake faruwa, cikin lokacin da uwa ta juya ta ɗauko tawul. In kuna da wurin ku kewaye shi ta kowane gefe da shinge mai ƙofar da take rufe kanta, ku rubuta zurfin kowane ɓangare a inda za a gani, ku sa mai ceto a lokutan da yara suke shiga, in babu kuma ku rubuta ƙarara cewa babu. Allon da ke cewa otal ba ya ɗaukar alhakin komai daga kotu yake kare ku, ba ya tare yaro. Mu ma iyaye nauyin sa ido a kanmu yake, ban musa ba, amma ƙofar da take kulle kanta ita ce take aiki a wannan minti ɗayan da ido ya kauce.

Ɗakin cin abinci ba zan daɗe a kai ba. Yara da wuri suke jin yunwa, in kicin sai takwas na dare yake buɗewa to an riga an makara. Kujerar cin abincin yara mai bel da aka goge, rabin faranti a rabin kuɗi, abinci mara yaji mara tarkace, da ma'aikacin da in aka tambaye shi ko akwai gyaɗa ko ƙwai ko madara a ciki zai je ya tambayi mai dafawa maimakon ya ce babu don ya wuce wurin, saboda akwai yaran da wannan amsar take kai su asibiti.

Ku kuma fita waje ku shigo otal ɗinku da keken jariri ku gani. Matakala biyar a bakin ƙofa ba gangara, ƙofa mai juyawa wadda keken ba ya shiga, lifta da ba ta ɗaukar keke da akwati lokaci guda, babu inda mota za ta tsaya minti biyar a sauke yara ba tare da na baya suna ta hon ba. Gangarar nan da za ku yi mana ita ce dai za ta yi wa mai keken guragu da tsoho mai sanda amfani. A banɗakin ƙasa ku sa teburin sauya wa jariri famfas, a na maza ma, don iyaye maza suna tafiya da yara su kaɗai, da ɗan wuri mai kujera da labule inda mai shayarwa za ta zauna a natse. In mun iso da safe ɗaki sai biyu ko uku na rana, ku karɓi kayanmu ku nuna mana inda za mu zauna, kuma in akwai ɗakin da aka fara gyarawa a fara ba mai jariri. Ɗan lungu da tabarma da littattafai da fensiran zane ya isa wurin wasa, ba sai kun gina wani abu babba ba, ai Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma a sashe na 31 ta lissafa wasa da hutu cikin haƙƙin yaro, kuma yaron da ya yini a layin asibiti ko ofis in bai samu inda zai motsa ba a baranda zai yi ta gudu. Takarda ɗaya a ɗaki mai nuna kemis mafi kusa da ke buɗe da dare, asibitin da ke karɓar yara cikin gaggawa, lambar motar asibiti, da filin shaƙatawa da za a iya zuwa a ƙafa, ta fi mana duk mujallun talla da kuke jerawa a kan tebur.

Abu na ƙarshe ma'aikatanku ne. Ku koya musu kada su faɗi lambar ɗaki da ƙarfi a gaban mutane, kada su ba kowa labarin wane yaro yake wane ɗaki, su san abin da za su yi nan take in an ce yaro ya ɓace, wa zai tsaya a ƙofa wa zai duba kyamara, kuma a kowane zubin aiki a samu ko mutum ɗaya da ya iya taimakon gaggawa in yaro ya shaƙe da abinci ko numfashinsa ya tsaya. In kuna haɗa baƙi da masu raino, ku tabbatar kun bincike su da gaske kafin ku tura su ɗakin mutane. Tashoshin talabijin da ba na yara ba a iya kulle su daga risefshan in an nema. Kuma ku riƙe waɗannan ma'aikatan da kyau ku biya su haƙƙinsu a kan lokaci, don duk alherin da na taɓa gani a otal daga hannunsu ya fito. Akwai wata mai gyaran ɗaki da ta hau mana da tsakar dare lokacin da 'yata ta yi amai a gado, ta zo da zannuwa biyu da bokiti da ƙarin tawul, ta sauya komai cikin natsuwa tana yi wa yarinyar sannu, ba ta nuna ƙyama ba ko a fuska, da za ta fita ta ce in ya sake faruwa a kira ta kada a ji nauyi. Irin wannan matar ku nemo ta a cikin ma'aikatanku, ku ƙara mata albashi, ku sa ta koya wa sabbin da kuke ɗauka.

Ina fatan wani daga cikinku zai amsa, ko a fili ko ta hanyar gyara shafin bukin ɗinsa ya rubuta ainihin abin da ɗakin iyali ya ƙunsa, gado nawa, taga tana da makari ko babu, firij yana kwana a kunne ko a'a, gadon jariri kyauta ne ko da kuɗi.

Allah ya ba ku sa'ar kasuwa, ya tsare mana yaranmu baki ɗaya.

Wassalam,
Wata uwa mai tafiya da 'ya'yanta